Gidan da Ke Amsa Sunan Ɗan Fari

Innarmu ta faɗi a banɗaki ranar wata Talata da hantsi, ba wanda ya sani sai bayan azahar. Maƙwabciyarta Rasmata, mai sayar da zoom-koom, wato ruwan gero mai sanyi, a bakin titi, ita ta ji ana buga bokiti ta bayan katanga. Da ta leƙo sai ta tarar da Innar tamu, Hajiya Indabo, zaune cikin ruwan sabulu tana zagin silifas ɗinta. Alhamdu lillahi ƙashi bai karye ba, targaɗe ne a idon sawu. Amma awa huɗu a kan siminti ba wasa ba ne ga mai shekara saba'in da ɗaya.

Mu uku ta haifa. Yaya Mannir ne babba, sai Yaya Rahmatu, ungozoma, tana aure a unguwar Dassasgho a nan birnin Waga, sai ni Shahida, auta, ina da shagon atamfa da leshi a unguwar Paspanga. Tun rasuwar Baba Inna ke zaune ita kaɗai a gidanmu na Zongo, gidan da har yau ɗakin ajiyarsa ke ƙamshin goro ko da yake rabon da a sauke huhu a ciki an fi shekara ashirin.

Yaya Rahmatu yadda take yanke cibiya haka take yanke magana, sau ɗaya, ba waiwaye. Tun Inna na kwance da bandeji ta ce an gama, Dassasgho za ta koma, ga ɗaki a ƙasa da banɗaki a ciki.

Inna ta ce, "A nan aka kawo ni da ƙuruciyata, daga nan za a ɗauke ni a makara. Can wa zai shigo min ba sallamar waya? Wa zai ce min sannu da Hausa?"

"Jikokinki mana."

"Waɗannan? Masu ce min bonjuru mami?"

Ana cikin wannan ja-in-ja Yaya Mannir ya gyara murya. Aikinsa ke nan a duniya, haɗa wa otal-otal da ofisoshi na'urar da ke riƙe da komai na gini a hannu ɗaya, fitilu da na'urar sanyi da ƙofofi da ruwa, duk su bi umarnin akwati guda. Ya ce abin da yake yi wa baƙi ai zai iya yi wa uwarsa. Daga zaune za ta kunna abin da take so, ta kulle ƙofar gida, in kuma wani abu ya same ta, magana kawai za ta yi, wayoyinmu uku su yi ƙara lokaci ɗaya.

Yaya Rahmatu ta ɗaga yatsa. Wata ɗaya ta bayar. Ranar da watan ya cika, Inna za ta zauna a gabanmu ta kunna fanka, ta kulle ƙofa, ta kira taimako, ba tare da ta tashi ba. In ta iya, ta zauna a gidanta. In ta kasa, ba sauran magana. Inna ta ce ta yarda, tana hararar bandejinta.

Kwana uku Yaya ya yi yana huda bango. Ya ajiye akwatin a ɗakin goro, ya ɗora farantan hasken rana a kan rufi da batir don ranar da aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, ya haɗa pompin da ke tura ruwa sama cikin tanki, ya sa wani abu a kicin mai jin warin gas. A kowane ɗaki, har banɗaki da tsakar gida, ya manna wani ɗan farin abu mai kamar murfin kwano, shi ne kunnen gidan kuma shi ne bakinsa. Kyamara ce kawai Inna ta hana. Ta ce ba a sa mata ido ba tana amarya, ba za a fara yanzu ba. Ta kuma sa ya yi alkawari ba zai riƙa leƙen abin da take yi ta cikin wayarsa ba.

Na'urar Faransanci take ji, don haka ya zauna ya koya mata umarni talatin da Hausa, ya kuma ɗauki muryarsa ya sa mata don ta riƙa amsawa. Ranar gwaji ya tsaya a tsakiyar falo, hannu a aljihu, yana ta murmushin mai sabuwar riga.

"Abu ne mai sauƙi, Inna. Sai an kira sunanta tukuna take saurara. Ku ji. Mannir!"

Bango ya ce, "Na'am, Inna," da muryar Yaya sak.

"Kunna fanka."

Fanka ta fara juyawa. Muka sa ihu da tafi. Na gwada, talabijin ta kunnu. Yaya Rahmatu ta ce, "Mannir, kashe wuta," sai gidan gaba ɗaya ya mutu, har firigon sanyaya abinci. Yaya ya dafe kai ya ce ai fitila ake cewa, in an ce wuta duka take ɗauka. Muka yi dariya har da hawaye. Da aka zo kan Inna sai ta kalli murfin kwanon, ta kalli ɗanta, ta ce maƙogwaronta na mata kaikayi, a bari sai ta huta.

Mu uku, kowa da takardun makarantarsa, ba wanda ya ga komai a wannan maganar. To, ni dai da Yaya Rahmatu ba mu gani ba.

Bayan sati na rufe shago da wuri na je duba ta. Tun daga zaure na ji ana kwarara kira ta kan katanga.

"Manniiir! Kunna pompi!"

Rasmata ce a tsaye kan turmi, kanta kawai ya leƙo. Bangon tsakar gida ya amsa mata da ladabi, pompi ya kama gurnani. Ta gan ni ta washe baki, ta tare ni da gurguwar Hausarta.

"Shahida, laafi? Ka gani, ni ne sakatare na Hajiya yanzu. Safe ni, yamma ni."

Na shiga ɗaki na sami Inna tana fifita da faifai, ga fanka a sama tana hutawa. Muka gaisa. Can ta ce, "Ke auta, ce wa wancan ya kunna min iska."

"Wane wancan?"

Ta yi nuni da haɓa. "Na bangon."

Sai a lokacin abin ya faɗo min, na ji kunya ta rufe ni. Tunda nake ban taɓa jin Inna ta faɗi sunan Yaya ba. In da mu take, "Yayanku." In da baƙi, "mijin Hauwa'u," kafin ya yi aure kuma "yaron nan." In da shi take, "Kai." Mun sha jin labarin ranar da ta kai shi lekol a sa shi boko, magatakarda ya tambayi sunan yaro, ta bar shi tsaye a ofis ta fita titi ta jawo wata mai sayar da gyaɗa da ta san gidanmu ta zo ta faɗa. Mun saba da abin har mun daina jin sa. Mu 'yan Waga kuwa mun ajiye wannan kunyar tuni. Yaya Rahmatu in ta ƙwala wa 'yar farinta kira, har unguwar Ouidi ana ji.

Na ce, "Inna, ai ba shi ba ne. Na'ura ce."

"Da muryar wa take amsawa?"



Ta ce, "Kar ki damu kanki, na yi dabara." Ta zaro wayarta daga ƙarƙashin matashi. Inna ba ta karanta boko, amma a saƙon murya ba mai kama ƙafarta a duk Zongo. Ashe ta zaunar da Rasmata ta sa ta aiko mata da saƙonni goma sha biyu, kowanne da umarninsa, ta haddace su a jere. Na ɗaya fanka, na biyu fitila, na bakwai ƙofa. Ta danna na ɗaya, muryar Rasmata ta fito, fanka ta juya. Inna ta kalle ni tana jiran yabo.

Na yi dariya kawai. Na san Yaya Rahmatu, ba za ta ci wannan ba.

Washegari na hau moto, wato babur ɗina, na sami Yaya a wurin aikinsa, yana cikin wayoyi ja da shuɗi har wuya.

"Yaya, ka san abin da ka yi kuwa? Sunanka ka sa wa abin nan. Inna ba za ta iya faɗa ba."

Bai ɗago ba. "Je sais."

"Ka sani? To canza shi mana."

"C'est compliqué, Shahida. Sai an sake paramétrage ɗin duka, saitin na'urar gaba ɗaya."

"To sa mata 'Kai', tunda haka take kiranka."

"A gidan da ake cewa 'kai!' sau ɗari kafin azahar? Rasmata ta shigo da labari ɗaya, fanka ta haukace, ƙofa ta kulle kanta."

Wannan kam gaskiyarsa. Amma na lura yana ta murɗa sukurun da ya riga ya ɗauru. Na ja kujera na zauna.

"Yaya, kifi na ganinka mai jar koma. Minti nawa ne canza sunan?"

Ya ajiye abin hannunsa. "Biyu."

"To me ya sa?"

 Mutum ne mai furfura a gemu, yana da 'ya'ya huɗu da ma'aikata shida, amma da ya buɗe baki sai na ji muryar ɗan firamare.

"Shekarata arba'in da uku. Ke tana kiranki, tana kiran Rahmatu, har akuyar da muka taɓa yi tana da suna a bakinta. Na san kunya ce, na san ba ƙi ba ne, ba sai kin faɗa min ba. Kawai na ce ko sau ɗaya in ji yadda yake fita. Ko da bango take yi."

Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma ya fi. Na ce masa son ransa zai sa a kwashe tsohuwa daga gidanta. Ya ce ya ji, a ba shi sati ɗaya kawai, in ba ta faɗa ba zai canza. Satin ya wuce. Na kira shi, ya ce jibi. Jibi ta zo, ya tafi garin Bobo haɗa wani otal, aikin kwana uku ya zama goma sha biyu. Na ce ya canza daga can, ya ce sai yana kusa da akwatin. Har yau ban san ko wannan gaskiya ce ba.

Ni kuma na kasa gaya wa Yaya Rahmatu, don na san za ta ce dama ta faɗa. Duk ranar da na je Zongo abu ɗaya nake tararwa, Rasmata a kan turmi ko Inna da wayarta. Abin da kawai na lura shi ne Inna ta yi fes, tana ta fara'a, har ta koma tauna goro. Na ɗauka ƙafar ce ta warke.

Ranar Lahadin da wata ya cika muka haɗu bayan azahar. Yaya ya iso daga tasha kai tsaye, idonsa ja don gajiya. Yaya Rahmatu ta zo da mota, ta shigo da manyan jakunkuna uku a naɗe a hammata, ta ajiye su inda kowa zai gani. Inna na zaune a kujerarta ta falo, ta ci ado da atamfar da na ba ta da salla, ta lulluɓe hannuwanta da mayafi.

Yaya Rahmatu ta ce, "To, Inna, bismilla. Fanka."

Inna ta sunkuyar da kai, ta motsa leɓe. Murya ta fito daga cikin mayafi: "Manniiir, kunna fanka!" Bango ya amsa, fanka ta juya.

Da a nan aka tsaya da wataƙila mun sha. Amma saƙon bai ƙare ba. Sai ga hon ɗin moto, ga kuma muryar tana cewa, "Zoom-koom glacé! Na nawa za a ba ka?"

Na cusa gefen gyalena a baki. Yaya ya juya yana nazarin bango. Yaya Rahmatu ta miƙa hannu.

"Inna, yaushe kika fara sayar da zoom-koom? Kawo wayar."

Inna ta miƙa, ba ko kunya. "Ai cewa kika yi fanka ta juya ban tashi ba. Ta juya ko ba ta juya ba?"

"Ranar da kika faɗi, wayar tana ina?"

"Tana caji."

"To kin gani."

Ta ajiye wayar a kan talabijin ta dawo ta zauna. "Sake. Da bakinki."

 Inna ta kalli jakunkunan, ta kalli murfin kwanon da ke bango. Ɗanta kam ba ta kalle shi ba. Na ga leɓenta ya buɗe, ya sake rufewa. Na ji kamar in faɗa mata sunan a kunne, sai ka ce mantawa ta yi.

Yaya ya miƙe. "Laifina ne. Sunana na sa wa abin, ba za ta iya faɗa ba. Rahmatu, ba ni minti biyu in canza."

Yaya Rahmatu ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, na ga lokacin da ta gane. Ta ce "Innalillahi" a hankali. Amma ba ta sauko ba.

"Non, Yaya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wata guda aka ba ta ta saba da abin, ko sau ɗaya ba ta yi magana da shi ba. Wanda bai saba ba yana lafiya, ranar da ya faɗi kansa ya bugu ne zai tuna? Ku ba ku gan ta ba ranar nan. Ni na cire mata jiƙaƙƙen zane, ni na ji yadda jikinta ke rawa." Ta juya ta kalli Inna. "Ba mugunta nake yi ba. Tsoro nake ji."



Yaya ya ce, "Wataƙila ta ɗan gwada."

"To buɗe historique ɗin mu gani. Ba ka ce komai yana rubutawa ba? In ka sami sau biyar da muryarta, in kwashe jakunkunana."

"Na yi mata alkawari ba zan duba ba."

Inna ta yi wuf ta ce, "Ƙwarai kuwa, ya yi alkawari. Kar a buɗe."

Saurin da ta yi ne ya sa duk muka juyo. Yaya Rahmatu ta ƙanƙance ido. "Inna, ko a buɗe, ko mu fara naɗe kaya."

Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Ba ta ce a buɗe ba, ba ta kuma sake cewa kar a buɗe ba. Yaya ya ciro waya, ni da Yaya Rahmatu muka tsaya a bayansa muna leƙe.

Na'urar tana rubuta rana da lokaci, da ɗakin da aka yi magana, da mai muryar. Kwana tara na farko Rasmata ce kawai, safe da yamma, sai ni jefi-jefi. A rana ta goma, bayan la'asar, ga layi ɗaya daga ɗakin Inna, da muryar Inna. Na'urar ta rubuta cewa ba ta gane umarnin ba, ga abin da ta ji a ƙasa: "...Mannir da iyalinsa, ka tsare min shi a hanya."

Addu'a take yi bayan salla, bango ya ji sunansa ya amsa. Allah kaɗai ya san irin zaburar da ta yi a kan sallaya, don kwana biyu bayan nan ba ko layi ɗaya. A na uku da hantsi sai ga sunan shi kaɗai, ba umarni. Bayan minti ɗaya, sunan kuma. Sai kuma sunan.

Yaya ya ja yatsa ƙasa, layuka suka yi ta zuwa. Kunna fanka. Kashe fitila. Kulle ƙofa. Kunna pompi. Kullum daga ɗakinta, kullum ƙofar ɗakin a rufe, don har wannan gidan yana rubutawa. Yana ja suna zuwa, yana ja suna zuwa. A can ƙasa na'urar ta haɗa jimla: sau ɗari uku da tamanin da shida.

Na ce, "Inna! To Rasmata fa, da hawan turmi?"

Daga cikin mayafi ta ce, "In na sallame ta ai unguwa ta san na fara."

Fiye da rabin layukan an yi musu alamar ba a gane ba, kowanne da ɗan hoton lasifika a gefe, don na'urar tana ajiye sautin abin da ya fi ƙarfinta. Ban sani ba ko kuskure Yaya ya yi ko da gangan ne, ya dai taɓa ɗaya. Muryar Inna ta fito, ƙasa-ƙasa, irin wadda take mana magana da ita in muna zazzaɓi muna yara.

"Mannir."

"Na'am, Inna."

"Ka ci abinci kuwa? Na ga ka rame."

"Ban gane ba, Inna."

"Dama yaushe ka taɓa ganewa."

Kafin wani ya yi motsi, bangon falo, da ya ji an ambaci sunansa daga waya, ya ce, "Na'am, Inna." Yaya Rahmatu ce ta fara fashewa da dariya, ta zauna daɓas a kan jakunkunanta tana yi tana share ido. Ni ma na bi. Inna ta rufe fuskar gaba ɗaya, sai kafaɗunta ke motsi, ban san ko dariya ce ko wani abu ba.

Yaya bai yi dariya ba. Ya tsaya riƙe da waya, hawaye na bin gemunsa, bai ko damu ya goge ba. Rabon da in ga kukansa tun jana'izar Baba. Na yi masa murna har cikin raina, duk haushin da na ji ya tafi.

Yaya Rahmatu ta karɓi wayar ta duba da kanta, don ita sai ta gani. Can ta tsaya. "Kira Rahmatu, ranar sha bakwai. Kira Rahmatu, ranar ashirin da uku. Inna! Ashe ke ce? Kika ce min abin ne ya kira da kansa, har na ce wa Yaya aikinsa na da matsala."

"Gwadawa na yi in ga ko za ki ɗauka."

"Na ɗauka ko ban ɗauka ba?"

"A ƙara na biyu. Ba laifi."

Yaya Rahmatu ta yi ajiyar zuciya. Ta miƙe, ta tattara jakunkunan ta mayar hammata. "Shi ke nan. Amma za a sa ƙarfen riƙewa a banɗaki, kuma silifas ɗin nan yau za su bar gidan nan."

Inna ta sauke mayafi, idonta ya yi ja, ta haɗe fuska. "Na ji. Yanzu ku tashi ku ba ni wuri. Na haifi 'ya'ya masu bin diddigi, an kuma manna min ɗan tsegumi a bango. Kai kuma," ta ce, tana kallon wani wuri kusa da kafaɗar Yaya, "ka goge wannan abin mai ajiye maganar mutane."

"Zan kashe shi yau, Inna. Sunan fa? In canza?"

Ta ɗauki sandarta ta miƙe. "Wa ya ce ka taɓa? Na riga na saba da wannan, ba ni da ƙwaƙwalwar koyon wani."

Ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Yaya Rahmatu ta tafi da jakunkunanta da silifas ɗin. Na tura motona zuwa zaure, Yaya na biye da ni yana ta laluben aljihu, wai makullinsa yake nema, alhali yana hannunsa. Na gane, na tsaya ina gyara madubin da ba abin da ya same shi.

Ba mu ji muryarta ba, ƙofar a rufe take. Amsar bangon ɗakin kawai muka jiyo ta taga, "Na'am, Inna." Kafin bangon ya rufe baki, Yaya ya juya ya fuskanci tsakar gida, ya ɗaga murya yadda duk gidan zai ji.

"Na'am, Inna!"

 Sai labulen taga ya motsa.

"Ba da kai nake ba. Ku fita zan kulle gidana."

Muka fita. Muna taka titi ƙofar ta yi ƙaras a bayanmu.